'Yar'azumi Mai Gumi a Bikin Yaye Ɗalibai

Duk wanda ya saba cin kasuwar Auyo ya san 'Yar'azumi, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeruwar matar nan da za ta tsaya gaban buhun wata, ta damƙi shinkafa ta murza a tafin hannu, ta ciji ƙwaya ɗaya, ta ce, "Wannan an yi mata gaggawa," ta wuce abinta ta bar mai kaya da hararar ƙeya. Sana'arta gumin shinkafa: ta jiƙa shanshera, ta turara ta a rabin duro, ta shanya, sannan a kai inji a cashe. Shekara ashirin da biyar ke nan tana wannan aiki a wani ƙauye da ke bayan Auyo, inda in damina ta yi nisa sai da kwale-kwale ake fita. Hayaƙi ya rina mata ido, tafin hannunta kuwa ya yi kanta har takan ɗauki garwashi ta canja masa wuri ba ta ji komai ba.

Asalinsu masu shanu ne. Kakanta ne ya zauna a fadamar nan bayan ciwo ya share masa garke, ya kama noma. Shanu sun tafi, amma kunya ta zauna daram. A gidansu mace ba ta kama sunan miji, ba ta kama sunan suruka, ba ta kuma kama sunan ɗan fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa. In ya faɗi ya fasa baki, iyakarta ta ɗaga murya ta ce, "Wai babu kowa a gidan nan ne?" 'Yar'azumi ita kanta 'yar fari ce, kuma har uwarta ta koma ga Allah ba ta taɓa jin sunanta a bakinta ba. Abin bai taɓa damunta ba, don ta san sarai wadda ke ɓoye mata ƙanzo a ƙarƙashin faifai.

Da ta haifi tata 'yar farin sai abin ya zo mata biyu. Mijinta Adamu ya sa wa jaririyar sunan mahaifiyarsa, Sadiya. Ga kunyar fari, ga kunyar suruka. Mutanen gida suka koma kiran yarinyar Uwa don kada a kama sunan tsohuwa, amma 'Yar'azumi ko Uwar ma ba ta faɗa. "Waccan," take cewa, in ta yi kirki ta ce "yarinyar nan." Ana cire ta daga nono, Larai, yayar Adamu da ke aure a cikin Haɗeja kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, ta zo ta goya ta ta tafi da ita. Ranar 'Yar'azumi duro uku ta turara ba ta zauna ba, idonta na ta zubar da ruwa. Ta ce hayaƙi ne. Kowa ya yarda, don iccen ranar ɗanye ne.

Bayan Uwa, 'Yar'azumi ta haifi wasu biyar. Waɗannan kam sun sha kira, sun sha faɗa, sun sha ranƙwashi, sun kuma kwanta a cinyarta ana yi musu tsifa. Su suna ce mata Inna. Uwa kuwa in ta zo hutu Adda take ce mata, kamar yadda ta ji ƙannen mahaifinta na faɗa. Za ta durƙusa ta gaishe ta, 'Yar'azumi ta amsa tana duban tukunya.

Amma duk kaka, duron da ya fi kyau ba ya ganin kasuwa. 'Yar'azumi takan zauna ta tsince tsakuwarsa ɗaya bayan ɗaya, ta ɗinke buhu da hannunta, a sa a kwale-kwale, a ɗora a babur, a sauke a ƙofar gidan Larai. Saƙon kullum ɗaya ne: "Ki ce ke kika saya."

"Wai ke sai yaushe za ki bar wannan abu?" Larai ta sha tambayarta.

"Wane abu?" in ji 'Yar'azumi.

Da yarinyar ta shiga jami'a a Kafin Hausa, buhun ya samu 'yan rakiya: kifi banda, daddawa, kuka, man shanu a kwalba. Shekarar da ruwa ya cinye musu gona, tuwon dawa yaran gida suka yi ta ci har kaka ta zagayo, amma buhun Haɗeja bai fasa tafiya ba. A ganin 'Yar'azumi babu abin da ke ɓoye a nan. Ai ita ma ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayanin ƙanzo.

A shekarar ƙarshe ta karatunta Uwa ta zo ƙauyen da littafi da biro da wani ɗan ƙarfe da take cusawa cikin shinkafa. Noma ta karanta, kuma binciken da za ta rubuta a kan gumi ne: me ya sa shinkafar wasu matan ke karyewa a inji, ta wasu kuma ta fito ɗoɗar? Mako biyu ta yi a gindin duron 'Yar'azumi. To, uwa ba ta hira da 'yar fari, don haka aka nemo Gumsu, maƙwabciyarsu, Babarbariya mai bakin da ba ya hutu, ta zauna a tsakani.

"Adda, awa nawa kike jiƙa ta?"

"Gumsu, faɗa wa mai tambaya ba a jiƙa shinkafa da agogo. In ruwan ya fara tashin tsami an riga an makara."

"To, mai tambaya, kin ji," in ji Gumsu, ko kai ba ta juya ba, don mai tambayar na zaune taku biyu daga mai amsar.

A duk rayuwar 'Yar'azumi ba ta taɓa jin daɗi irin na makonnin nan biyu ba. Ga 'yarta a kusa, tana jin numfashinta, tana ganin ashe yatsunsu iri ɗaya ne. Murna ta rufe mata ido, ba ta lura da yadda biron kan tsaya cak a duk lokacin da aka ce "mai tambaya" ba.

Wata Talata a ƙarshen damina, ruwa bai gama janyewa ba, Uwa ta sauko daga kwale-kwale da ambulan a hannu. Ta sami 'Yar'azumi tana baza shanya, ta durƙusa.

"Adda, ran Asabar za a yi bikin yaye mu. Kowa kati biyu aka ba shi na shiga ɗakin taro. Ɗaya na Baffa ne." Mahaifinta take nufi. Ta juya ɗayan a hannu. "Za ki je?"

Za ta je? Matar da ta ɗinka sabuwar atamfa tun wata uku da suka wuce ta ɓoye a ɗakin Gumsu! Sai dai abin yana da tsari. Mahaifiya ba ta zabura don an kira ta bikin ɗan fari. Za ta ƙi, a roƙe ta, ta sake ƙi, a aiko manya, ta ƙi na uku, sannan mata su yafa mata mayafi su ja ta tana cewa an tilasta mata. Haka aka yi da uwarta ranar bikinta. 'Yar'azumi har ta tanadi abin da za ta faɗa a ƙi na biyu da na uku.

"Ni me zan je yi?" ta ce wa shanyar. "Ga aiki ya sha mini kai."

Ta dakata tana jiran roƙo.

"To," in ji Uwa. "Shi ke nan. Zan kai wa Goggo Larai."

Ta miƙe, ta karkaɗe gwiwa, ta mayar da katin cikin ambulan, ta nufi bakin ruwa. 'Yar'azumi ta yi mutuwar tsaye da ƙwarya a hannu. Kaji suka shiga shanyar suka ci suka ƙoshi, ba ta ce musu ko kar ba. To? Shi ke nan? Ba ta taɓa jin an yi haka ba. Ta yi ta sauraron ko za a aiko wani, Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, babu wanda ya zo.

"Kin ga abin da nake faɗa miki," in ji Gumsu. "Yaran yanzu in kin ce a'a, a'ar suke ji. Tashi ki ɗora tukunya. Baƙi ai sai da abinci, mu masu kai abinci ne, wa zai ce bikin 'yarki kika je?"

Ran Asabar da sassafe suka shiga kwale-kwale da ƙatuwar kula cike da dafa-duka da kifi banda. 'Yar'azumi ta sa sabuwar atamfa, ta ce wai sauran kayanta ba su bushe ba. Suka ratsa ciyawar kacalla, suka hau babur zuwa titi, suka shiga mota. Ita ba ta taɓa ganin taro irin wannan ba, ko ranar kasuwar jajibere. Motoci, rumfuna, masu hoto na bin mutane da gudu, ga yara maza da mata cikin zunduma-zunduman riguna a wannan zafi, kowa da hula mai kamar faifai da tuntu yana lilo. Masu kati suka shige ɗakin taro. Ta hango Adamu da Larai a cikinsu, ta yi maza ta kau da kai. Su kuwa suka shimfiɗa tabarma a gindin wata darbejiya, kusa da lasifikar da aka kafa don na waje.

Aka yi ta Turanci. Ba ta tsinci komai ba sai da aka ce, "Sadiya Adamu." Kanta ya sunkuya da kansa, kamar yadda ya saba in an kama sunan surukarta. Tafi ya ɓarke. Can aka sake kiran sunan, aka sake tafi. Da aka kira na uku har da guɗa.

"Wai me ta yi ne ake ta kiranta?" Gumsu ta tambayi wata budurwa da ke tsaye kusa da su da ƙunshin kyauta a hannu.

"Ita ta fi kowa a sashensu, Mama. Kyauta uku ta ci. Ni ƙawarta ce, Adila, ɗakinmu ɗaya shekara uku, ni sai baɗi zan gama."

Gumsu ta ce ai kuwa sai ta zauna ta ci abinci. 'Yar'azumi ta zuba mata cike da daɗi, fuskarta kuwa kamar ba ta ji komai ba. Adila ta kai loma ɗaya ta zaro ido.

"Kai! Wannan ai irin shinkafar Sadiya ce! Ita muka yi ta ci a ɗaki. Goggonta ke saya mata. Allah sarki, matar nan ta yi ƙoƙari, ba kowa ke riƙe marainiya haka ba."

"Marainiya?" in ji Gumsu.

"Eh, ai mahaifiyarta ta rasu, ina jin tun tana ƙarama. Ita dai ba ta taɓa faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa Innata ta ce kaza ba, kuma in muna hirar iyayenmu mata sai ta tashi ta fita. Allah dai ya jiƙanta, ya sa ta huta."

Matan da ke kan tabarmar kusa, waɗanda ba su san kowa ba, suka amsa da gaskiyarsu, "Amin, amin. Allah ya kai haske kabarinta."

Ludayin ya suɓuce daga hannun 'Yar'azumi ya faɗa cikin kula. Tana zaune da ranta da lafiyarta, cikin sabuwar atamfa, aka yi mata addu'ar matattu aka shafa. Ta duba hannuwanta. Ta duba Gumsu, ta ga bakin nan da ba ya hutu a sake. Kunnuwanta suka ɗauki ƙara. Ba haushin yarinyar ta ji ba, tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da ruwa ya shigo musu ɗaki.

Ba ta dawo hayyacinta ba sai ga muryar Uwa a lasifika. An ba ta dama ta yi godiya. Ta yi da Turanci, sannan ta juya Hausa. Ta gode wa Allah, ta gode wa malamanta, ta gode wa Baffanta. Ta gode wa Goggo Larai, wadda ta goya ta, ta ciyar da ita, ba ta taɓa barinta da yunwa ba. Sannan ta ci gaba.

"Akwai kuma wata baiwar Allah mai gumi a ƙauyenmu. Duk abin da na rubuta aka ba ni kyauta a kansa, a hannunta na gani. Ba zan faɗi ko wace ce ita a wurina ba, don na san ba za ta so a sani ba. Ba ta zo ba. Amma na gode mata."

Ba za ta so a sani ba! 'Yar'azumi ta dafe ƙirji. Ashe shekara ashirin da huɗu tana magana da harshen da ta ɗauka kowa na ji, yarinyar ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Kau da kan da take yi, shirun, "mai tambaya," duk abin da ita ta ɗauka girmamawa ce da ƙauna, yarinyar ta karanta shi yadda ya zo mata: wannan matar ba ta so na. A birni ta tashi, a hannun matar da ke kiranta sau goma kafin azahar. Wa zai koya mata? Ga shi kuma an ce wata mai kamawa za a tura su bautar ƙasa can kudu, daga nan aiki, daga nan aure. Haka za ta tafi da wannan abu a ranta.

Aka buɗe ƙofofi, mutane suka ɓarko. Can ta hango 'yarta tsakanin Adamu da Larai, mai hoto na gyara musu tsayuwa. 'Yar'azumi ta miƙe, ba ta ma tsaya neman takalmi ba.

"Ke!" ta ce. 'Yan mata wajen ashirin suka waiwayo, ban da wadda ake nufi.

"Yarinyar nan!" Hayaniya ta haɗiye shi.

Mai hoto ya gama, sun juya za su nufi wajen motoci. Harshenta ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Sunan surukarta ne, matar da ke kwance a kabari, ga kuma ɗanta a tsaye. Ta cika ƙirji, ta saki muryar da take kiran mai kwale-kwale daga wancan ƙetaren.

"Sadiya!"

Carbin Adamu ya faɗi ƙasa. Larai ta dafe kai ta ce, "Innalillahi!" Gumsu ta saki salati daga gindin darbejiya. Yarinyar ta juyo tana dube-dube, ta dubi dama, ta dubi hagu, idonta ya bi ta kan 'Yar'azumi ya wuce. Ta san muryar, ta san sunan, amma ba ta taɓa jin su tare ba. Wannan ya fi addu'ar ɗazu yi wa 'Yar'azumi ciwo.

"Sadiya. Ke nake kira. Zo nan."

Ta taho a hankali, rigar na jan ƙasa, fuskarta kamar ta ga fatalwa. Adila ta tsaya da kwano a hannu tana duban wannan tana duban waccan.

"Sadiya, kin san su ne?"

"Ita ce Add..."

"Ni ce wadda kuka yi wa addu'a ɗazu," in ji 'Yar'azumi. Yau ba ta nemi Gumsu ta shiga tsakani ba. "Ban mutu ba. Ni na haife ta."

Adila ta toshe baki. Matan da suka ce amin suka hau kallon juna. 'Yar'azumi ta juyo ga 'yarta, ido cikin ido, karo na farko tun tana jaririya, sai ta tarar ba ta tanadi komai ba. Ƙi uku ta shirya, ba ta shirya wannan ba. Ta laluba, abin da ya zo bakinta shi ta faɗa.

"Kin ci abinci?"

Sadiya ta girgiza kai, tuntun hular na kaɗawa. Ta zauna a tabarma da rigar da komai. Uwarta ta zuba mata da hannunta, ta tsince ƙayar kifin, ta tura mata kwanon. Sadiya ta kai loma ɗaya, ta tauna, ta ɗago ta dubi Larai da ta iso tana haki.

"Goggo, irin wadda kike saya a wurinta ce."

"Saya?" in ji Larai. "Wa ya saya? Ni ko ƙwaya ban taɓa saya ba, Uwa. Shekara ashirin da biyu ni 'yar aike ce. Har shekarar ruwa, da ƙannenki ke cin dawa."

Lomar ta tsaya wa Sadiya a baki. Ta dubi shinkafar, babu tsakuwa ko ɗaya, kamar kullum. Ta dubi hannun da ya yi kanta a bakin kwanon. Ta haɗiye lomar.

"Inna," ta ce, a hankali, kamar mai gwada takalmin da ba ta tabbata nata ba ne.

"Na'am," in ji 'Yar'azumi.

Ruwa ya ɓalle mata a ido, ya bi kumatu ya sauka a kan sabuwar atamfa, a gaban mijinta da yayarsa da baƙin da ba ta sani ba. Ta waiga don ta ce hayaƙi ne, ta duba ko'ina a filin nan, babu wanda ya hura wuta.